Wai an yi yarjejeniya kafin a tsayar da yaƙin Biyafara? Ga amsa

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya yana cewa: "Malam dan Allah wai da gaske ne Gowon da Ojukwu sun zauna sun sa hannu a yarjejeniya kafin a tsayar da yaƙin basasa? In an yi, waɗanne sharuɗɗa aka gindaya, kuma an cika su kuwa?"

Toh ɗan uwa, Gowon da Ojukwu basu sa hannu a komai ba, domin ranar da aka rufe maganar Ojukwu ma baya ƙasar, yana Kwaddebuwa. Wanda ya miƙa wuya mataimakinsa ne Philip Effiong, ranar 15 ga Janairu 1970 a Barikin Dodan da ke Legas, kuma abin da ya karanta magana huɗu ce kacal, dukkansu nauyi ne a kan Biyafara, wato yankin Gabas da Ojukwu ya ɓalle da shi, babu ko layi ɗaya a ciki da ya ɗaure gwamnatin tarayya. Alƙawuran da aka yi wa mutanen Gabas a bakin Gowon suka fito ta gidan rediyo, sannan ainihin sharuɗɗan da suka taɓa rayuwar mutane daga baya suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a dokokin soja. In ka riƙe wannan zaka gane dalilin da yasa har yau wani zai ce maka an yi wa Ibo karamci, wani kuma ya ce an cuce su, kuma kowanne yana da abin da zai nuna maka.

Bari mu fara da yadda aka kai ga wannan ranar. An fara harbe-harbe 6 ga Yuli 1967, Inugu ta faɗi a Oktoban shekarar, Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968 wanda shi ya toshe musu teku gaba ɗaya, Umuahia da suka mayar hedikwata ita ma runduna ta 1 ta Mamman Shuwa ta karɓe ta a Afrilun 1969. Daga nan duk abin da zai shiga Biyafara, harsashi ne ko garin madara ko busasshen kifi, sai dai ta sama, galibi ta wani wuri da ake kira Uli. Uli ɗin nan fa titin mota ne da ke tsakanin Anacha da Owerri aka faɗaɗa shi aka mayar filin jirgi, da rana a lulluɓe shi da ganyen kwakwa, da daddare jiragen agaji daga tsibirin Sao Tome da na makamai daga Gabon su riƙa zuwa cikin duhu, sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa sannan a kunna masa fitilu na 'yan daƙiƙoƙi a sake kashewa saboda jirgin yaƙin tarayya na shawagi a sama yana jira. A Yunin 1969 aka harbo jirgin Red Cross, ƙungiyar ta dakatar da jigila, galibi ƙungiyoyin coci ne suka ci gaba, yunwar da a da take kashe yara da tamowa ta fara cin sojojin da ke bakin daga su ma. Sojan da bai ci abinci ba kuma harsashinsa ƙidayayye ne, ai kaga ba sai an faɗa maka ƙarshen labarin ba.

A Mayun 1969 Gowon ya canza kwamandoji, Kanar Obasanjo ya karɓi runduna ta 3 daga hannun Adekunle, Bisalla ya karɓi ta 1, Jalo ya karɓi ta 2, lokacin Hassan Usman Katsina ne hafsan hafsoshin sojan ƙasa. Ƙarshen Disamban 1969 runduna ta 3 ta taso daga kudu ta haɗe da runduna ta 1 a Umuahia, ɗan yankin da ya rage wa Biyafara ya rabu biyu, kuma ɓangaren da aka yanke, wajajen Arochukwu, nan ne suke samun abinci. Ga manyan bindigogin atilare ƙirar Rasha da suka iso masu dogon zango. Owerri ta faɗi 9 ga Janairu 1970, hanyoyi suka cika da 'yan gudun hijira da sojojin da suka yar da kaki, Uli kuma ta shigo inda harsashin atilare zai iya kai mata.

Daren 10 ga wata wayewar 11 Ojukwu ya hau jirgi a Uli ya nufi Abidjan, inda shugaba Houphouet-Boigny ya bashi mafaka. Ya tafi da shugaban sojojinsa Alexander Madiebo da sakataren gwamnatinsa N. U. Akpan da tsohon firimiyan Gabas Michael Okpara, ya bar jawabin da aka naɗa aka sa a rediyo yana cewa ya tafi neman zaman lafiya ne. Mutanenmu suna son cewa ya gudu ya bar ladansa, magoya bayansa kuma suna cewa manyan da ke kusa da shi ne suka bashi shawarar ya fita. Ni a ganina ko ma wanne ne, fitar tasa ce ta buɗe ƙofa, domin da wuya a ce Ojukwu zai tsaya gaban Gowon ya karanta abin da Effiong ya karanta, mutumin da tun Agustan 1966 yake cewa bai yarda Gowon shugabansa bane tunda akwai na gaba da shi a soja.

Shi Effiong ba Ibo bane ma, mutumin Ibibio ne daga yankin da yanzu yake jihar Akwa Ibom, tsohon soja ne da ya shiga aiki tun 1945, ya girmi Gowon da Ojukwu duka a shekaru da daɗewa a kaki. Ranar 12 ga Janairu da yamma ya yi magana a rediyon Biyafara. Ya ce ya gamsu dole a tsayar da zubar da jini, mutane sun gaji, waɗanda suka hana sulhu sun janye kansu da kansu, ya umarci sojoji su janye daga fagen daga cikin tsari, kuma akwai wakilai ƙarƙashin babban jojin Biyafara Sir Louis Mbanefo da suke shirye su gana da gwamnatin Najeriya a tattauna bisa ƙudurin ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU. Sai ya ƙara wata magana da nake ganin ta fi komai nauyi a jawabin, ya ce mutanensu basu yarda da wata gwamnatin gudun hijira ba. Wato ya rufe wa Ojukwu ƙofar zama a Abidjan yana kiran kansa shugaban ƙasa. Kuma ka tuna suna da rundunar sari-ka-noƙe da suka horar mai suna BOFF, da yawa a duniya sun zata za a shiga daji a ci gaba shekara da shekaru, Effiong da hafsoshin da suka rage suka ƙi bin wannan hanyar.

Ka lura Effiong tattaunawa ya nema. Gowon da ya bashi amsa a rediyo tsakar daren ranar bai ɗauki maganar tattaunawa ba ko kaɗan, cewa ya yi ya karɓi furucin Laftanar Kanar Effiong da zuciya ɗaya, sojojin aware su kai makamansu ga sojojin tarayya mafi kusa, wakilai su je wajen kwamandojin da ke fagen daga, ya umarci sojojinsa su kare duk wanda ya miƙa kansa, ya kuma yi shelar afuwa ga duk waɗanda aka yaudara suka shiga yunƙurin raba ƙasa. Kaji kalmar da ya sa, waɗanda aka yaudara. Wanda aka ɗauka shi ne ya yi yaudarar kenan lissafinsa daban. Sannan ka ga muƙamin da ya kira shi da shi, Laftanar Kanar, muƙaminsa na sojan Najeriya kafin yaƙi, alhali a Biyafara Manjo Janar ne. Legas bata taɓa ɗaukar Biyafara ƙasa ba, tun farko ma cewa aka yi aikin 'yan sanda za a yi a kama masu tawaye, toh gwamnatin da take kan wannan matsayin ba zata zauna ta ƙulla yarjejeniya irin ta ƙasa da ƙasa da hafsoshinta da suka yi bore ba.

Hafsoshin runduna ta 3, cikinsu har da Alani Akinrinade, su suka fara haɗuwa da na Biyafara irinsu Joe Achuzia, aka kai su wani gari Amichi kusa da Nnewi inda Effiong yake zaune a gidan wani attajiri. Nan Obasanjo ya same shi ranar 13 ga wata, nan aka yi miƙa wuyan fagen daga, daga nan aka shirya tafiya Legas. Cikin tawagar akwai Mbanefo da Matthew Mbu da Farfesa Eni Njoku da shugaban 'yan sandansu Patrick Okeke da wasu hafsoshi. Ranar 15 ga Janairu suka shiga Barikin Dodan cikin kayan gida ba kaki, shekara huɗu cif da ranar da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari da sauransu, Allah ya jiƙansu. Gowon ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ya san su tun a bariki, ya rungumi Effiong. Sannan Effiong ya tsaya ya karanta takardar da sunansa na mai riƙon gwamnatin Jamhuriyar Biyafara.

Na farko, sun tabbatar su 'yan Najeriya ne masu biyayya kuma sun amince da ikon gwamnatin mulkin soja ta tarayya. Na biyu, sun amince da tsarin mulki da na siyasa da ake kai a tarayyar Najeriya. Na uku, duk wani tsarin mulki da za a yi nan gaba wakilan jama'ar Najeriya ne zasu tsara shi. Na huɗu, Jamhuriyar Biyafara daga yau babu ita. Shikenan takardar.

Mutane sun fi riƙe na huɗun saboda shi ne mai amo, amma na biyun nan ne asarar take. Tsarin da ake kai yana nufin jihohi 12 da Gowon ya ƙirƙira ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin Ojukwu ya yi shelar ɓallewa. A wannan rabon an tsaga tsohuwar jihar Gabas gida uku, Gabas ta Tsakiya ta Ibo, sai Ribas mai hedikwata a Fatakwal, sai Kudu maso Gabas mai hedikwata a Kalaba. Ribas da Kudu maso Gabas na ƙananan ƙabilu ne, Ijaw da Ogoni da Efik da Ibibio da sauransu, waɗanda tun kafin 'yancin kai suke neman a raba su da Inugu, kuma a wajensu mafi yawan man fetur da tashar jiragen ruwa da matatar mai suke. Da Effiong ya ce sun amince da wannan tsarin, ya amince kenan cewa Ibo sun koma jiha ɗaya cikin 12, ba teku ba Fatakwal. Na ukun kuma shi ya binne maganar Aburi, taron da aka yi a Gana a Janairun 1967 wanda Ojukwu ya riƙe cewa an yarda kowane yanki ya riƙe ikonsa. Babu wani kaso na musamman da aka ware wa Gabas, zasu zo teburi kamar kowa, kuma teburin ma bai zo ba sai zamanin Murtala da ya kafa kwamitin Rotimi Williams a 1975, aka yi majalisar tsara tsarin mulki, aka samu kundin 1979.

Wani abin da yake bani takaici in ina karantar da wannan tarihin shi ne a 1968 an yi musu tayin da ya fi wannan, kuma a teburi gaban shaidu. An zauna a Kampala a watan Mayu, an zauna a Yamai a Yuli inda Diori Hamani ya karɓi baƙuncin kwamitin OAU da Sarki Haile Selassie yake jagoranta, har Gowon da Ojukwu kowanne ya je Yamai ɗin amma a ranaku daban basu haɗu ba, sannan aka koma Addis Ababa a Agusta. Tawagar tarayya ƙarƙashin Anthony Enahoro ta yi tayin afuwa da mayar da ma'aikata bakin aiki da kawo dakarun ƙasashen waje su sa ido don Ibo su samu kwanciyar hankali, sharaɗin dai a janye ɓallewa. Ɓangaren Biyafara suka ce a fara tsagaita wuta tukuna kuma 'yancin kansu ba abin ciniki bane. Lokacin Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya sun amince da su a matsayin ƙasa, Faransa ta fara turo makamai ta bayan fage, sai suka ga kamar abin zai yiwu. Mafi yawan waɗanda yunwa ta kashe daga wannan lokacin zuwa ƙarshen yaƙin suka mutu. Ƙiyasin mutanen da suka rasu a yaƙin gaba ɗaya ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu har sama, kuma akasarinsu fararen hula ne.

Amma in za a yi adalci dole a faɗi me yasa suka ƙi. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. An kashe dubban Ibo a garuruwanmu na Arewa a Mayu da Satumba da Oktoban 1966, wannan ba abin da zamu ɓoye bane, kuma a Oktoban 1967 sojojin runduna ta 2 sun tara maza a Asaba sun buɗe musu wuta. Rediyon Biyafara ya ɗauki waɗannan yana maimaitawa dare da rana cewa duk wanda ya miƙa wuya yanka shi za a yi. Har jaridun Turai da Fadar Paparoma sun yi ta kururuwa a Janairun 1970 cewa kisan kiyashi na tafe.

Toh wannan kisan bai faru ba, kuma nan ne alƙawarin baki ya cika. A jawabinsa na 15 ga wata Gowon ya yi kiran sulhu, aka ɗauki taken babu wanda ya ci babu wanda aka ci, da manufofi uku, sasantawa da sake gini da farfaɗo da jama'a. Ba a kafa kotun hukunta masu laifin yaƙi ba, ba a rataye kowa ba, ba a tara ƙananan sojojin Biyafara a sansanin fursunoni ba, mutum ya ajiye bindiga ya cire kaki ya kama hanyar ƙauyensu. Tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje da take ƙasar tun 1968, daga Birtaniya da Kanada da Suwidin da Folan da Majalisar Ɗinkin Duniya da OAU, bata samu shaidar kisan kiyashi ba. An samu ɓarna kam, a makonnin farko musamman wajajen Owerri an yi ta kai ƙarar sojoji kan kwasar ganima da fyaɗe da ɗauke 'yan mata, har sai da kwamandoji suka ɗauki tsattsauran mataki kan wasu. Kuma rashin kotun nan kaifi biyu gare shi, yadda bai taɓa hafsoshin Biyafara ba haka bai taɓa waɗanda suka yi aika-aikar Asaba ba.

Wajen agaji Gowon ya yi taurin kai, ya ce baya son taimakon ƙasashe da ƙungiyoyin da suka tsaya wa Biyafara, Faransa da Fotugal da Afirka ta Kudu da ƙungiyoyin cocin da suka yi jigilar Uli, aka kuma kori limaman Katolika Turawa da dama da suka zauna a cikin yankin. Aikin ya koma hannun Red Cross ta Najeriya da hukumar farfaɗowa ta gwamnati, ga ƙarancin motoci ga gadoji a karye. A siyasance ana iya fahimtar fushinsa, amma yaron da yake kwance da tamowa a Orlu ba ruwansa da wanda ya aiko da madarar, kuma jinkirin ya ci rayuka.

Yanzu ga sharuɗɗan da ba a karanta a Barikin Dodan ba.

Na farko maganar aiki. A 1970 ɗin aka fitar da dokar soja mai lamba 46 da ta ba gwamnati damar korar ko yi wa ritayar dole duk ma'aikacin da aka gamsu ya taka rawa sosai a tawayen. Yawancin ƙananan ma'aikata da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa sun koma, sai dai mutum ya dawo ya tarar yaron da ya bari a ƙasansa ya zama ogansa. Hafsoshin soja kuwa aka kafa musu kwamitin bincike ƙarƙashin Adeyinka Adebayo, aka kasa su, wasu aka mayar da su aiki da muƙaminsu na kafin yaƙi, wasu aka sallame su, wasu aka kore su ba ko sisi, waɗanda kuma suke da hannu a juyin mulkin Janairun 1966 ko mamayar jihar Yamma ta Tsakiya a Agustan 1967 aka tsare su, da yawansu sai 1974 suka fito. Effiong kansa, wanda ya tsaya ya karanta takardar, korarsa aka yi daga soja. Sai a shekarar 2000 Obasanjo yana shugaban farar hula ya mayar da korar tasu ritaya, Effiong ya rasu a 2003. A ɗaya gefen kuma ga Ebitu Ukiwe, ya yi wa Biyafara yaƙi, aka mayar da shi sojan ruwa, ya zo ya yi gwamnan soja a jihar Neja a 1977 sannan Legas, har ya zama na biyu a gwamnatin Babangida a 1985. Duk abu ɗaya ne ya haifar da su biyun, babu rubutacciyar ƙa'ida da wani zai riƙe ya kai ƙara, yadda kwamiti ya ga dama da kai haka zaka kasance.

Na biyu maganar fam 20, wadda ita ce ta fi zama a zuciyar Ibo har gobe. A Janairun 1968 Babban Bankin Najeriya ya canza takardun kuɗi, lokacin Awolowo ne kwamishinan kuɗi, tsofaffin takardun da Biyafara ta tara tana sayen makamai da su suka zama takardar banza, ita ma sai ta buga nata fam ɗin. Da yaƙi ya ƙare aka ce kowa ya kai kuɗin Biyafaran da ke hannunsa banki a rubuta, daga baya aka yanke cewa kowane mai ajiya za a bashi fam 20 na Najeriya, ko fam ɗari ya kai ko dubu goma. Asusun da aka ci gaba da hulɗa da shi a cikin Biyafara lokacin yaƙi shi ma dokar bankuna ta 1970 ta shafe shi. Hujjar gwamnati ita ce kuɗin Biyafara an buga shi ne ba tare da wani abin da ya tsaya masa ba, in aka canza shi ɗaya bisa ɗaya tattalin arzikin ƙasa zai ruguje, kuma takardun bankuna da yawa sun ƙone. Hujjar tana da ƙarfi a kan kuɗin Biyafara zalla, amma ɗan kasuwan da ya zuba halaliyarsa ta kafin yaƙi a banki a Aba, ya ci gaba da cira yana ci da iyalinsa saboda ba yadda zai yi, shi me ya yi? Fam 20 ɗin nan da aka koma naira a 1973 naira 40 ce. Sai kuma ga dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa ta fito a 1972, ana sayar da hannun jari a daidai lokacin da mutanen Gabas basu da abin saye, waɗanda suke da kuɗi da hanyar bashin banki a Legas suka kwashe.

Na uku gidaje. A nan Arewa, Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos da Zariya, galibin waɗanda suka dawo sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu, kuma cikin 'yan watanni kasuwanni suka sake cika da su. A Legas ma haka. Inda abin ya yi tsami Fatakwal ne, garin da Ibo suka mallaki gidaje masu yawan gaske kafin yaƙi. Gwamnatin Ribas ta Diete-Spiff ta kira su dukiyar da aka yi watsi da ita ta riƙe, 'yan jihar suka shige ciki, aka yi ta kafa kwamitoci, ɗaya daga ciki David Mark ne ya shugabance shi yana Manjo, aka sayar da da yawa ga 'yan jihar a farashi mai sauƙi, a 1979 kuma aka yi dokar da ta halasta cinikin ta hana kotu shiga. Mutanen Ribas suna da nasu ƙorafin na abin da sojojin Biyafara suka yi musu lokacin yaƙi, wannan gaskiya ne, amma a ce ɗan ƙasa ya yi watsi da gidansa a cikin ƙasarsa bayan an gama yaƙin da aka ce an yi shi don ƙasa ta zauna ɗaya, wannan magana bata da kai.

Jihar Gabas ta Tsakiya kuwa aka bar ta hannun Ukpabi Asika, malamin jami'ar Ibadan ɗan Anacha da ya tsaya da tarayya tun 1967, ya riƙe ta har 1975. Gwamnatinsa ta karɓe makarantun mishan ta mayar na gwamnati, aka gyara gadar Anacha da jami'ar Nsukka, kuɗin mai da ya fara shigowa ya taimaka, ko da yake yawancin ginin mutanen da kansu suka yi ta ƙungiyoyin garuruwansu da koyon sana'a wajen 'yan uwa. Hidimar ƙasa ta NYSC da aka kafa a 1973 ita ma cikin wannan shirin sasantawar ta fito. Shekara tara da gama yaƙi Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shagari.

Shi kuwa Ojukwu da ka tambaya a kansa, afuwar 1970 bata haɗa da shi ba, ya zauna Kwaddebuwa sama da shekara 12 yana harkar sufuri. Shagari ne ya yi masa afuwa a Mayun 1982, ya dawo a watan Yuni, ya shiga NPN ya tsaya takarar sanata a 1983 bai samu ba, da sojoji suka karɓi mulki ƙarshen shekarar har da shi aka tsare a gidan yarin Kirikiri tare da sauran 'yan siyasa. Gidan mahaifinsa da ke Ikoyi ma cikin dukiyar da aka ce an yi watsi da ita aka sa shi, gwamnatin sojan Legas ta turo 'yan sanda suka fitar da shi alhali magana tana gaban kotu, sai da aka je Kotun Ƙoli a 1986 ta ce gwamnati bata da hurumin ɗaukar doka a hannunta. Ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a APGA a 2003 da 2007, ya rasu a Landan a Nuwamban 2011, aka binne shi a Nnewi a 2012 da faretin girmamawa na sojojin Najeriya.